Hoto ɗaya ya fito sau uku a Lightroom: ta ina ake fara gogewa?

Mai Studiyo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan.

Lightroom Classic ce, manhajar tsara hotuna da gyara su, a kan Windows 11, hotunan kuma suna kan faifan waje mai 2 TB, saura bai fi 140 GB ya cika ba. Katalog, wato rajistar hotunan da Lightroom ke riƙe da ita, yana nuna hotuna dubu 61 da 'yan kai, amma in ka bi su da ido sai ka ga hoto ɗaya sau biyu, wani ma sau uku. Akasarinsu na biki ne da suna da walimar sauka, daga kyamara biyu, Canon da Nikon, sai na waya. A ciki akwai folda da aka kwaso daga tsohuwar laftof, akwai ta WhatsApp, akwai wadda aka sauke daga Google Photos.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne akwatin nan na Don't Import Suspected Duplicates kullum a kunne yake, amma duk da haka sun shigo. Me ya sa? Sannan in na samo manhajar da ke zaƙulo masu maimaituwa na sake ta a kan faifan, akwai matsala? Kuma in biyu suka yi kama, wanne ake bari? Ba na so in goge wanda aka ɓata dare ana gyarawa in bar ɗanyen.

Malam RAW ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa maɓallin gogewa ka raba abin da kake kira "hoto ɗaya" gida uku, don kowanne da maganinsa.

Akwai tagwayen gaske, fayil biyu da babu bambancin ko bayit ɗaya a tsakaninsu. Kwafa ce ta haife su. Akwai hoto ɗaya da aka sauya wa riga: RAW (cikakken fayil ɗin kyamara da ba a sarrafa ba) da JPEG ɗinsa, ko wanda aka fitar bayan gyara, ko wanda WhatsApp ta matse. Sai kuma waɗanda ba tagwaye ba ne sam, hotuna ne da aka ɗauka a jere cikin daƙiƙa guda, amarya ta ƙifta ido a ɗaya ta buɗe a na gaba. Kama da wane ba ta wane. Rukunin farko ne kaɗai za ka iya barin na'ura ta yanke wa hukunci.

Akwatin da ka kunna ba ya kallon hoton ko kaɗan. Abu uku yake gwadawa: sunan fayil na asali, lokacin ɗauka da kyamara ta rubuta a EXIF (bayanan da take sawa cikin fayil ɗin hoto), da girman fayil. Sai ukun sun dace yake cewa wannan ya riga ya shigo. To duba yadda ake zille masa. Windows ta kwafa ta mai da IMG_4410 ya koma IMG_4410 - Copy, suna ya sauya. An ƙara wa JPEG tauraro ko kalmar nema a wata manhaja, an rubuta a cikin fayil ɗin, girma ya motsa da 'yan bayit. An gyara agogon hoto, misali na aikin Hajji da kyamara ta ɗauka da lokacin Najeriya aka ƙara awa biyu ya koma na Saudiyya, lokaci ya sauya. Ko ɗaya daga cikin nan ya isa ya sa ya shige a matsayin sabo.

Ƙofofin da suka fi shigo da su kuwa sanannu ne. Ka leƙa faifan ko akwai folda mai suna da ya fara da Imported on. Zaɓin Make a Second Copy To ne ke ƙirƙirar ta a matsayin kwafin ko-ta-kwana, kuma in an sauya wa hotuna suna wajen shigarwa, ko an mai da su DNG (tsarin RAW na Adobe), daga baya wani ya nuna wa Lightroom faifan gaba ɗaya, sai ka wayi gari da komai bibbiyu. Sai zaɓar Copy maimakon Add ga hotunan da dama suna kan faifan: katalog zai nuna ɗaya, faifai yana ɗauke da biyu. Sai fitar da hotunan da aka gyara cikin ƙaramar folda a ƙarƙashin ta asali, sannan a danna Synchronize Folder.

Gargaɗi babba: kada ka yarda da suna shi kaɗai. Lambar kyamara daga 0001 take zuwa 9999 ta sake dawowa farko, wasu kuma an saita su su koma 0001 duk lokacin da aka sa sabon kati. Mai ɗaukar biki yana iya cinye dubu goma cikin 'yan watanni. IMG_0237 na 2021 da IMG_0237 na 2024 ba su haɗa komai ba sai suna.

Abin da ke tabbatar da tagwayen gaske shi ne lambar shaidar fayil, wadda ake kira hash. Ana lissafo ta daga abin da ke cikin fayil ɗin, bayit ɗaya ya sauya ita ma ta sauya gaba ɗaya. Don gwada guda biyu, buɗe PowerShell ka rubuta Get-FileHash da hanyar kowane fayil, ka gwada lambobin. Na faifai gaba ɗaya kuwa sai manhajar dupeGuru ko Czkawka, duka kyauta ne. Suna fara ware masu girma ɗaya, su kaɗai suke karantawa har ƙarshe, shi ya sa ba sa jimawa sosai. Amma ka sa faifan a tashar USB 3, mai shuɗin harshe. A nan faifai mai juyawa yana ba da kimanin 100 MB a daƙiƙa, wato 1 TB cikin awa uku ba kaɗan. A USB 2 aikin nan zai kai awa takwas zuwa tara.

Kafin komai dai, samo faifai na biyu ka kwafe duka, har da fayil ɗin katalog mai ƙarewa da .lrcat. In babu halin faifai na biyu a yanzu, to a ɗage aikin.

Hajiya Mai Kyamara ta rubuta:

Malam RAW ya yi bayani, Allah ya ƙara sani, amma akwai wurin da zan ja birki, don Mai Studiyo zai iya karantawa ya ɗauka an ba shi izinin sakin dupeGuru a kan foldar da Lightroom ke riƙe da ita. Ɗan'uwa, kada ka yi. Garin neman gira za a rasa ido.

Dalili shi ne Lightroom ba ta ajiye hoto a cikinta, adireshinsa take ajiyewa, tare da duk gyaran da aka yi masa. Manhajar waje ba ta san wannan ba. Ta ga fayil biyu iri ɗaya, ta goge na foldar 2022 ta bar na foldar tsohuwar laftof, alhali na 2022 ne ke ɗauke da gyaran haske da datsewa da taurari da tarin hotuna (Collection) da aka haɗa na album ɗin amarya. Za ka buɗe ka tarar da alamar motsin rai a kusurwar hoton, ma'ana fayil ya ɓata. Ka ce bari ka nuna mata ɗan'uwansa, sai ta ƙi, ta ce wannan fayil ɗin yana haɗe da wani hoton a katalog. Sai ka cire wancan tukuna sannan ka haɗa, ɗaya bayan ɗaya. Ka lissafa hakan sau dubu huɗu.

Saboda haka ka raba faifan biyu a tunaninka. Foldojin da ke cikin katalog, daga cikin Lightroom kaɗai ake goge su. Waɗanda ba a taɓa shigar da su ba, nan ne filin dupeGuru, shi ma da sharaɗi: ka sa foldojin katalog a matsayin Reference, sauran Normal. Duk abin da ke Reference ba ta taɓa shi, ma'auni kawai take yi da shi.

Na cikin katalog ga yadda za ka bi. Shiga All Photographs, jera su da Capture Time, tagwaye za su kwanta gefe da gefe. Danna J har sai bayanai sun fito a saman kowane hoto, ka saita su nuna sunan fayil da faɗi da tsawo. Dubu 61 sun fi ƙarfin ido, don haka ka sa ƙarin manhajar nan Teekesselchen, kyauta ce. Ba ta goge komai. Tana gwada lokacin ɗauka da sauran bayanan kyamara, ta sa wa waɗanda take zargi alamar ƙi, ta tara su wuri guda, kuma za ka iya gaya mata ta fifita RAW, ko mafi girma, ko mai taurari. Ka fara da shekara ɗaya kawai, ka ga yadda take zaɓe, kafin ka ba ta sauran.

Wanne ake bari? Wanda ke da aiki a kansa, in dai shi ne cikakken fayil. In aka yi rashin sa'a gyaran yana kan kwafin da ke foldar da ba ka so, ba sai ka sake gyara ba: ka goge ɗanyen, sannan ka ja mai gyaran zuwa foldar da ta dace daga cikin Lightroom. In kuwa dole ɗayan za ka riƙe, Ctrl+Shift+C a kan mai gyara, Ctrl+Shift+V a kan wanda za a bari, sannan Sync Metadata don taurari da kalmomin nema. Tarin hotuna da tarihin gyara ba sa bin wannan hanyar, sai ka sa shi cikin tarin da hannu.

Abu biyu da ake yawan ɗauka tagwaye alhali ba su ba ne. Virtual Copy, mai lanƙwasasshiyar kusurwa a ƙasa ta hagu, ba fayil ba ne, goge shi ba ya ƙara maka ko 1 MB, amma goge uwarsa yana tafiya da shi. Sai masu -Edit a ƙarshen suna, TIFF ko PSD da suka dawo daga Photoshop. Nan ne aka share ƙurajen fuska aka gyara ɗaurin gwaggwaro, kuma babu wannan aikin a RAW ɗin. Irin waɗannan a haɗa su da na asali da Ctrl+G su zama ƙunshi ɗaya (Stack), ido ya huta, ba a rasa komai ba.

Wajen gogewa, X ke sa alamar ƙi, U ke cire ta, Ctrl+Backspace ke kwashe waɗanda aka ƙi. Ka tabbata kana All Photographs ko cikin folda, don a cikin tari daga tarin kawai ake cire hoto. Za ta tambaye ka Remove ko Delete from Disk. Na farko katalog kaɗai yake sharewa, fayil yana nan yana cin wuri, ranar da aka sake Synchronize ya dawo.

Mai Studiyo ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Lallai akwai foldar Imported on guda goma sha ɗaya, kuma duk suna cikin katalog. Saura na WhatsApp da na Google. Su sunansu daban, girmansu daban, Teekesselchen ma ba ta kama ko ɗaya ba. Yaya ake yi da su?

Ɗan Linux ya rubuta:

Ba za ta kama su ba, yallaɓai, don babu abin da za ta riƙe. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana rage masa girma, a tsohon tsari dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600, a cire masa EXIF, a raɗa masa sabon suna irin IMG-20230415-WA0007.jpg. Kwanan watan da ke sunan ma na ranar da ya iso wayar ne, ba ranar ɗauka ba. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage matsin amma bai mai da shi na asali ba. Wanda aka tura a matsayin takarda (Document) ne kaɗai ke isa yadda yake.

Kafin ka sha wahala a kansu ka yi lissafi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da RAW na kimanin 25 MB, na WhatsApp kuwa wajen 200 KB ne. Goge RAW dubu biyar ya ba ka 125 GB. Goge na WhatsApp dubu biyar ya ba ka 1 GB kacal. In wuri kake nema, foldojin Imported on ɗin nan su ne naman, na WhatsApp romo ne. Mafi sauƙi ka tace da rubutu, sunan fayil mai ɗauke da -WA, ka kwashe su duka zuwa folda guda daga cikin Lightroom, su daina shiga tsakanin na aiki.

In kuma dole sai ka san wanne ke da na asali wanne babu, domin wani lokacin na WhatsApp ɗin shi ne kaɗai ya rage, to sai manhajar da ke kallon hoton kansa. digiKam tana yi. Ka fara sa ta gina zanen yatsan kowane hoto daga Maintenance, wanda a dubu 61 aikin a bar shi ya kwana ne, sannan ka shiga Similarity ka nemi masu kama. Ma'aunin kamanni shi ne komai. Ka fara daga kashi 97 ko 98 zuwa 100. In ka sauko 90 za ta fara haɗa hotunan jere, kuma a hoton studiyo abin ya fi muni, don labule ɗaya ne, fitila ɗaya, kujera ɗaya, mata biyar cikin anko ɗaya. Wajenta duk mutum ɗaya ne. Czkawka ma tana da sashen hotuna masu kama, ta fi sauri. Ko wacce ka ɗauka, a matsayin 'yar rahoto za ka yi amfani da ita ga abin da ke katalog, kamar yadda Hajiya ta ce, kuma a saitin farko na digiKam ka hana ta rubuta bayanai cikin fayil.

Na Google kuma laifin tsarin Takeout ne, wato hanyar sauke hotuna daga Google Photos. Yana zuba hoto a foldar shekararsa, irin Photos from 2021, ya sake zuba shi a foldar kowane album da yake ciki. Hoto mai album uku ya fito sau huɗu. Waɗannan yawanci tagwayen gaske ne a junansu, hash zai kama su. Amma in an ɗora su da tsarin rage girma, wanda ke matsewa ya kuma mai da duk abin da ya haura megafiksel 16 zuwa 16, ba za su dace da na kyamara ba. Kada ka share ƙananan fayilolin .json da ke gefensu tukuna. Ga hoton da ba shi da EXIF, kwanan watansa a nan yake.

Akwai dabara ga JPEG da bayanansu kaɗai suka bambanta. ExifTool na Phil Harvey yana iya lissafa hash na hoton zalla, ya tsallake bayanan:

exiftool -r -csv -DateTimeOriginal -FileSize# -ImageDataHash E:\Hotuna > jeri.csv

Buɗe jeri.csv a Excel ka jera da layin hash. Duk biyun da lambarsu ta dace hoto ɗaya ne ko da suna da girma sun saɓa.

In akwai na iPhone a ciki ka kula da abu biyu. HEIC da MOV masu suna ɗaya rabi da rabi ne na Live Photo, hoto mai tafe da ɗan gajeren bidiyo. Sannan in saitin turawa zuwa kwamfuta yana Automatic, wayar tana mai da HEIC ya zama JPEG a hanya, in an sauya zuwa Keep Originals aka sake kwasa sai a samu kowane hoto da riga biyu.

Malam RAW ya rubuta:

Na karɓi gyaran Hajiya, haka ne, ban fayyace ba.

Ƙari ɗaya kan dokar "a bar mafi girma" ko "a bar mafi tsufa" da manhajojin nan ke bayarwa. Fayil ɗin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafarsa, ko faifai ya fara lalacewa a wurinsa, yana iya nuna suna da girma daidai, ƙaramin hotonsa ma ya fito lafiya don wanda ke maƙale a cikin fayil ɗin ake nuna maka, amma ka buɗe shi sosai ka ga rabinsa toka-toka ko layuka masu launi. Idan fayil biyu suka dace a suna da girma da lokaci amma hash ya saɓa, kada ka zaɓa da ka. Buɗe duka biyun a Develop, sashen gyara na Lightroom, nan ne ake karanta ainihin RAW ɗin. Kwanan watan da Windows ke nunawa kuma ba hujja ba ce, na ƙirƙira yana sauyawa duk sanda aka kwafa fayil.

Kada ka dogara da kwandon shara. Yana da iyakar girma, filashi da katin memori kuma ba su da shi sam. Na wajen katalog, sa dupeGuru ta matsar da su zuwa folda guda mai kwanan wata maimakon gogewa. Na ciki kuwa faifai na biyun nan shi ne madogararka, kada ka sabunta shi sai bayan wata guda, bayan ka danna Find All Missing Photos ka ga bai kawo komai ba. Ka yi aikin a laftof mai cikakken caji ko kwamfuta mai UPS, faifan kuma in mai wutar kansa ne shi ma ya hau UPS ɗin.

Don toshe ƙofar: a sauya suna tun wajen shigarwa, da kwanan wata da lokaci da harafin kyamara, misali 20240309_164512_C_4410 na Canon, N na Nikon. A bar lambar kyamara a kan ci gaba, kada ta riƙa komawa 0001. A daidaita agogon kyamarorin biyu da na waya kafin a fita aiki. Foldar kwafi na biyu da ta hotunan da aka fitar wa masu biki su zauna a wajen babbar foldar da Lightroom ke gani, a wani faifan daban in da hali. Katin kuma da an tabbatar hotunansa sun sauka wuri biyu, a yi masa fomat a cikin kyamarar kafin aiki na gaba.